Tsohuwar Land Rover a wajen gwaji



A Ingila, da zarar mota ta shekara uku, dole ta je gwajin lafiya duk shekara. Sunan gwajin MOT. Sakamakonsa yana intanet, mai lambar mota zai iya dubawa.

Tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, tsatsa ce ke yawan kayar da ita a wannan gwajin. Yawancin jikinta alminiyam ne, amma ƙarfen da ke ɗauke da ita daga ƙasa, gishirin da ake zubawa kan titi lokacin ƙanƙara yana cinye shi. Tsatsa a ƙasa, tsatsa a bututun birki, ga yoyon mai. Abin tsoro shi ne birkin, domin rai ne a ciki.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.