Adana 'Ya'yan Itace Bayan Tsinka: Darasi Daga Kasuwar Tasha



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Tasha, kusa da tashar jirgin ƙasa a kudancin kogin Kaduna, ya ga motoci suna sauke lemo daga Binuwai, da ayaba da abarba daga Kudu. Ya kuma ga tsibin ruɓaɓɓu a gefe. Tsibin nan kuwa jarin ɗan kasuwa ne da gumin manomi.

Tushen maganar shi ne ɗan itace ba ya mutuwa don an tsinke shi. Yana numfashi, yana ƙone zaƙinsa, yana zubar da ruwan jikinsa. Mangwaro da ayaba da gwanda kuma suna fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke gaggauta nunarsu da ta maƙwabtansu. Zafi da rauni suna ƙara wannan gaggawa. Saboda haka dabarun adanawa duka manufarsu guda ce, watau rage saurin numfashin nan da tare cuta.

Na farko, sanyi. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi aiki a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwa na bushewa, ciki na sanyi, ba lantarki. Amma fa ayaba ba ta jure abin da ya gaza digiri 13 a ma'aunin Salshiyas. Ɓawonta baƙi yake yi.

Na biyu, ruwan zafi. Tsoma ɗanyen mangwaro minti 5 a ruwa mai digiri 52 yana rage fumfunar da ke yi masa baƙaƙen tabo.

Na uku, shafa wa lemo kaki, don kada ya yanƙwane.

Na huɗu, kwandon roba mai ƙofofin iska maimakon buhu, don kada na sama su danne na ƙasa.

Akwai kuma hanyar ɓarna, watau nunar da kaya da kabayid na masu walda. Hukumar NAFDAC ta haramta wannan, domin yana ɗauke da guba.

Ashe ke nan aiki ya rataya a wuyan masu sauraro: ɗalibi ya kai ilmin nan rumfar mai lemo, ma'aikaci ya samar da inuwa da ruwa a kasuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ruɓa kuwa ba ta da magani sam.