Zaman Daji da Ciwon Hawan Jini: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganar da na zo da ita yau ta ciwon hawan jini ce, da abin da likitocin waɗansu ƙasashe suka gano game da zama cikin itatuwa. Wannan ciwo mugun baƙo ne, gama yakan daɗe a jikin mutum bai sani ba, sai ran nan a ji ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta kasa, ko ƙoda ta lalace. Ba a gane shi sai da awo. In an auna mutum a ranaku dabam-dabam aka ga awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to, yana da shi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ta da shi shi ne rashin kwanciyar hankali. In hankalin mutum ya tashi, zuciyarsa takan yi sauri, hanyoyin jini su tsuke, sai jini ya riƙa bi da ƙarfi.

A cikin 1982 hukumar gandun daji ta ƙasar Japan ta fara kiran mutanenta su riƙa shiga daji don hutawa. Suna ce da wannan shinrin-yoku, watau wankan daji. Daga baya masana suka auna su gani ko da gaskiya a ciki. A 2010 aka buga labarin gwajin da aka yi da samari 280 a dazuzzuka 24. Kowane saurayi ya yi tafiya ya kuma zauna a daji wata rana, a cikin birni wata rana. Aka tarar a ranar daji bugun zuciyarsu ya lafa, jininsu ya sauka, sinadarin nan kotisol da jiki ke fitarwa in rai ya ɓaci shi ma ya ragu.

Amma waɗannan lafiyayyu ne. Don haka a ƙasar Sin aka gwada da tsofaffi 24 masu hawan jini, aka raba su biyu. Goma sha biyu suka yi kwana bakwai a daji, sauran a birnin Hangzhou. Labarin da aka buga a 2012 ya nuna jinin na daji ya sauka. Har wa yau a Japan, a wani gwajin da aka buga labarinsa a 2015, an sa magidanta 20 masu wannan ciwo tafiyar minti 17, aka ga zuciyarsu ta fi natsuwa a daji bisa ga birni.

To, sai a lura. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin kuma kaɗan ne. Zaman daji taimako ne kurum, ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora bisa ƙwaya kada ya bari don ya ji sauƙi. Ya rage gishiri, kada ya wuce giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen miya.

Abin da muke roƙonku uku ne. Na fari, ku umurci dagatai da masu unguwa su riƙa tura manya asibiti a auna su. Na biyu, ku tsare gandun dajin da ke ƙasarku, ku hana sare ɗorawa da tsamiya da kaɗanya barkatai, ku sa a dasa darbejiya a bakin hanya da kasuwa da makaranta. Na uku, ku gargaɗi mutane kada su kutsa dajin da babu tsaro. Lambu ko kurmin bayan gari ya isa, a taka a hankali da sanyin safiya ko da la'asar, a zauna a inuwa.

Malamai, ku karanta wannan takarda a majalisa, kowa ya ji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.