Ciwon Ido Mai Tushe A Zuciya

Yau maganarmu a kan wani irin ciwon ido ne wanda tushensa yana can cikin zuciya.

Zuciyar mutum tana da ƙofofi 4, kowace da murfinta, don kada jini ya koma baya. In yaro ya yi ciwon maƙogwaro ba a yi masa magani ba, wani lokaci zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su kan biyo baya, su bar tabo a murfin nan. Bayan shekaru, ƙwayoyin cuta su kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko allura mai dauɗa. Da sun iske tabon sai su maƙale, su yi ta hayayyafa. In wani ɗan guntu ya ɓalle, jini ya kan kai shi ƙwaƙwalwa, ko ƙoda, ko cikin ƙwayar ido.

To, yaya za ka gane shi? Jan idon da muka saba da shi ya kan zagaya gida, ya sa kwantsa da ƙaiƙayi, amma gani yana nan. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa daga wurin wani. Ido ya yi ja, yana zogi can ciki, gani yana dusashewa kamar hazo. Ga kuma zazzaɓin da ya yi makonni, an sha maganin cizon sauro bai tafi ba. Ga gumin dare, da rama, da haki. Wani har a kan ga ɗigo-ɗigon jini a cikin fatar idonsa.

In ka ga haka, kada ka tsaya sa kwalli ko ɗiga ruwan ganye. Maganin ɗigawa ma bai isa can ba. Je ka ɗakin shan magani ran nan, ka faɗa wa malamin asibiti labarin zazzaɓin duka, don ya tura ka babban asibiti. Can likita zai saurari zuciya, ya auna jini, ya duba cikin ido. Magani allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6, wani lokaci har da ta cikin ido. Kada ka gudu don ka ji sauƙi.

Kafin a sami penisilin, wajen 1940, da wuya mai wannan cutar zuciya ya tashi. Yanzu da dama suna warkewa. Amma ido ba ya jira: kwanaki kaɗan sun isa ya mutu.

Ku kai yara a duba musu maƙogwaro, ku riƙa yin asuwaki, ku guji allurar 'yan kasuwa. Allah ya ba mu lafiya, amin.