Gwajin da Ya Gaji Dattin Wani



Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics a garin nan, ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu, inda 'yan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura ke koyon rubuta manhaja. Don haka ba zan ɓata muku lokaci wajen bayanin mene ne gwaji mai tafiyar da kansa ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da gwajin yake bari a bayansa.

Mu ɗauki Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji a aikinku. Linus Torvalds ya fara ta a watan Afrilu na 2005, Junio Hamano ya karɓi ragamarta a Yulin shekarar. A cikin foldarta mai suna t akwai ɗaruruwan fayilolin gwaji, masu ɗauke da dubban gwaje-gwaje. Kowane fayil, kafin ya taɓa komai, sai an gina masa sabuwar folda tasa shi kaɗai, an buɗe ma'ajiyar Git wadda babu ko ƙura a ciki. Ana raba shi da saitin mai kwamfutar, a ba shi marubucin bogi mai suna A U Thor. Ko agogo ba a bar masa na gaskiya ba: lokacinsa yana farawa ne daga 7 ga Afrilu, 2005, ya riƙa ƙaruwa da daƙiƙa 60 duk sanda aka nema. Me ya sa aka sha wannan wahala? Domin sakamakon da ya fito a Kazaure yau ya zama shi ne zai fito a Japan baɗi.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A cikin fayil guda, gwaje-gwajen suna bin juna ne a ma'ajiya ɗaya. Na uku ya buɗe reshe, ko ya canza saiti, ya tafi abinsa. Na tara ya zo ya tarar. Wanda ya daka gero a turmin da aka daka barkono ba a wanke ba, in fura ta yi yaji ba laifin geron ba ne. Haka na tara zai faɗi ba tare da laifinsa ba, ɗalibi ya kwana yana neman kuskure a wurin da babu shi. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gwajin da ya ci don ya tsinci fayil ɗin da wani ya manta. Ya ba da shaidar zur, kowa ya kwanta da murna, aibin kuwa yana nan har ya isa hannun mai amfani da manhajar.

Sau da yawa ɗalibi zai ce mini, “Malam, ai na sa umarnin gogewa a ƙarshe.” Ɗana, a ƙarshen ne matsalar take. Umarnin gwajin Git a ɗaure suke da juna da alamar &&, da zarar ɗaya ya gaza, na bayansa ba sa gudana. Ranar da aka fi bukatar sharar ita ce ranar da ba za a kai gare ta ba. Shi ya sa suka tanadi test_when_finished: tun a layin farko, kafin ka zubar da komai, ka rubuta yadda za a kwashe shi, ko gwajin ya ci ko ya faɗi. In ka yi rajistar shara uku, ta ƙarshe ce ake fara yi, a dawo baya-baya. Canza saiti kuma da test_config ake yi, shi da kansa yake cire abin da ya sa.

Mu nan da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki mun san index.lock, fayil ɗin da Git kan bari in an katse ta, ya hana ka ci gaba sai ka cire shi da hannu. Babu umarnin shara da zai gudana a kwamfutar da ta mutu. Saboda haka gwajin Git yakan rushe tsohuwar foldarsa tun a farkon tashi, bai dogara da cewa na jiya ya gama lafiya ba. In kuma fayil ya faɗi, ana barin foldar yadda take don ka shiga ka duba.

Masu aikin kammala karatu, kafin ku kai wa malaminku, ku tafiyar da kowane gwaji shi kaɗai, sannan ku hargitsa jerinsu ku sake. Wanda sakamakonsa ya canza, ku nemo gwajin da ya gada.