Tsuntsun Tagulla da Tulun Kwali: Ina Iyakar Fasaha?

Abin da aka ba ni in yi magana a kai shi ne fasaha: wane aiki ne ya cancanci wannan suna, wa kuma yake da ikon yanke hukuncin? Wani zai ce wannan gardamar masu kuɗi ce a Turai. Amma ta shafe mu, domin a cikin ikilisiyoyinmu akwai masu ginin tukwane, da masaƙa, da dukawa, da masu zanen ƙwarya, kuma yawancin 'ya'yansu suna jin kunyar gadon nan. Akwai ma'auni uku da duniya ta gwada. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Na fari shi ne kamanni. A shekarar 1926 wasu ayyukan Constantin Brancusi, mutumin ƙasar Romaniya mazaunin birnin Paris, suka iso New York a jirgin ruwa. A cikinsu akwai wata doguwar tagulla siririya, wadda aka goge har tana ɗaukar ido, tsayinta ya haura mita ɗaya. Ya ce tsuntsu ne a sararin sama. Dokar Amurka ta yafe wa kayan fasaha kuɗin fito, amma ma'aikatan kwastan suka duba, ba baki, ba fiffike, ba ƙafa. Suka ce wannan ƙarfe ne kawai da aka sarrafa, sai a biya kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa. Suna da hujja, gama wata shari'a ta 1916 ta riga ta ce dole siffa ta kwaikwayi abin da yake cikin halitta kafin a lasafta ta fasaha.

Brancusi ya kai ƙara, aka fara sauraro a 1927. Shaidun gwamnati suka ce abin bai yi kama da kome ba. Nasa shaidun suka ce abin da ya nufa shi ne tashin tsuntsu, yadda yake tsaga iska, gashinsa kuwa bai dame shi ba. A watan Nuwamba na 1928 kotu ta ba shi gaskiya, ta yarda cewa mai fasaha yana iya nuna tunani ba sai ya zana kamannin abu ba. Mu kam da an tambaye mu, da shari'ar ba ta yi tsawo ba. Askar da ake ɗinka wa babbar riga ba ta yi kama da askar wanzami sosai ba, dagin da ake yi a bangon soro a Zariya da Kano kuma ba hoton kowa ba ne, amma babu mai musun kyansu.

Na biyu shi ne amfani. Masu wannan ra'ayi sun ce abin da ake aiki da shi sana'a ce, abin da ake ajiyewa don kallo shi ne fasaha. A nan labarin Ladi Kwali yana da abin koya mana. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar mahaifanta, da hannu kawai, tana ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye. Takan zana kunama, da ƙadangare, da hawainiya, da kada, da kifi a jikin tulunanta. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara wasu daga cikinsu a gidansa, a nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin.

To, ku lura da abin da ya faru da tulun. Tulun gargajiya yakan yi gumi, ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, shi ya sa ruwan ciki yake sanyi. A makarantar kuwa aka canza yumɓun, aka shafa masa abin ƙyalli kamar na tangaran, aka gasa shi da wuta mai tsananin zafi. Tulun ya fito da kyau ƙwarai, amma ya yi nauyi, ya kuma daina gumi, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Irin wannan ne aka baje a Landan a 1958, duniya ta yaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Ina tambayarku, 'yan'uwa: yaushe Ladi ta zama mai fasaha? Sa'ad da tulunta ya daina shayar da mutane? Hannun ɗaya ne, idon ɗaya ne, kunamar ma ita ce dai wadda take zanawa tun tana Kwali. Abin da ya sauya shi ne wurin da aka ajiye tulun da masu kallonsa.

Na uku shi ne suna da kuɗi. A 1917 Marcel Duchamp, wanda daga baya ya rako tsuntsun Brancusi zuwa Amurka, ya sayi kwanon fitsari irin na bayan gida, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika da shi wurin baje kolin fasaha a New York. Masu shirya taron suka ƙi nuna shi, amma tambayar da ya jefa ta zauna: in mai fasaha ya zaɓi abu ya ce fasaha ne, ya zama ke nan? A 2019 Maurizio Cattelan, ɗan Italiya, ya manna ayaba a bango da salatif a birnin Miami, aka saya dala 120,000. A 2024 aka yi gwanjon aikin a kan fiye da dala miliyan 6, mai sayen kuma ya ɓare ayabar ya cinye. Abin da ya saya a gaskiya takardar shaida ce da izinin manna wata ayabar. Na yarda akwai wayo da ba'a a ciki, suna kuma sa mutum tunani. Amma a ganina a nan aka iso bakin iyaka, gama in ka cire sunan mai aikin da farashin, ayaba ce ta rage. In ka goge sunan Ladi daga tulunta, gwanintar tana nan.

Harshenmu ya riga ya taimake mu, domin kalmar fasaha tana nufin basira da iya aiki, shi ya sa muke cewa kimiyya da fasaha. Littafin Fitowa sura 31 ma bai raba su ba. Bezalel da Oholiyab, waɗanda aka ba hikimar aikin alfarwa ta sujada, maƙera ne, masassaƙa, masu saƙa da ɗinki, abubuwan da suka yi kuwa na amfani ne: fitila, teburi, daro, labule, tufafi. Ma'aunin da nake ba ku ke nan: a dubi ko mutum ya sa basirarsa da haƙurinsa cikin abin har ya yi fiye da yadda bukata ta tilasta masa. Tulu zai ɗebi ruwa ko babu hawainiya a jikinsa, amma Ladi ta zana ta.

Saboda haka, matasa, kada ku jira sai baƙo ya zo ya yaba aikin kakanninku kafin ku zauna ku koya. Dattawan ikilisiya kuma, in za a sayi faifan baiko, ko mayafin teburin Jibin Ubangiji, ko kujerun mawaƙa, a fara neman gwanin da yake zaune a cikinmu, a kuma biya shi hakkinsa ba tare da cewa ya yi don Allah kawai ba. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.