Hawan Jini da Faɗuwar Tsofaffi a Gidajen Kulawa

A gidajen kula da tsofaffi, irin waɗanda suka yawaita a Ingila da Amurka, faɗuwar dattijo musiba ce babba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na halaka mutum 684,000 a duniya kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa su ne a kan gaba.

Abin al'ajabi, sau da yawa maganin hawan jinin ne da kansa sababi, domin idan tsoho ya zabura daga kwance, jininsa kan sauka farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi, balle da tsakar dare, sa'ad da ƙwayar sa fitsari ta tashe shi, ya nufi bayi yana lalube cikin duhu. Wajibi ne a auna jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe, idan lambar sama ta ragu da 20 cikin minti 3, a sanar da likita ya duba ƙa'idar maganin. Amma kada kowa ya dakatar da magani bisa ra'ayinsa, domin hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki, wadda ba wasa ba ce.

Ma'aikata, ku bar fitila a kunne, ku zaunar da dattijo a bakin gado kafin ya miƙe.