Wutar Girki Daga Salga



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da ba a son ambatonsa a bainar jama'a, watau bayan gida. Ku gafarce ni. Amma abin da muke kau da kai daga gare shi, shi ne ke gurɓata mana rijiyoyi da damina, ya jawo amai da gudawa. Alhali kuwa icen girki sai ƙara tsada yake yi, hayaƙinsa yana cin idanun matanmu, daji yana ƙarewa.

To, akwai dabarar da ke maganin matsalolin nan tare. Ana gina rami da bulo da siminti, a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a haɗa shi da salga ta bututu. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da najasar a ciki, sai wata iska ta taso. Fiye da rabinta gas ne mai kama wuta wanda ake kira mitan, irin wanda ke fitowa a rijiyoyin mai. Ana jan ta da bututu zuwa murhu, ta ci da shuɗin harshe ba hayaƙi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1895 aka kunna fitilun titi da irin wannan gas a garin Ekseta na Ingila. Ƙasar Sin ta gina miliyoyin ramukan nan a ƙauyuka daga shekarun 1970. A nan Afirka kuwa, Ruwanda ta soma gina su a gidajen yarinta wajen 2001, icen da ake ƙonawa ya ragu da kimanin rabi, ƙazantar da ke kwarara cikin unguwanni kuma ta tsaya.

Sai dai kada in yaudare ku. Bayan gidan mutum ɗaya ba ya ba da fiye da kimanin lita 30 na gas a rana, murhu ɗaya kuwa yakan ci lita 200 ko fiye a awa guda. Saboda haka magidanci mai iyali goma ba zai dafa tuwo da na gidansa kaɗai ba, sai ya haɗa da kashin shanu. Inda abin ya fi riba shi ne inda jama'a suka taru: makarantun kwana, asibitoci, barikoki, kasuwanni da tashoshin mota.

Na san wani zai ce ƙyama. Iskar ce ke zuwa murhu, najasar tana can a rami, ba ta taɓa tukunya. Abin da ya saura kuma taki ne, amma lalle a bar shi ya daɗe a ajiye ya bushe kafin a kai gona, domin ƙwan tsutsar ciki ba ya mutuwa da wuri. Haka nan ramin yana son magini gwani da mai kula kullum, don in ya tsage gas ya tsere, kuɗi sun tafi a banza.

Roƙona ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gari shi ne, duk lokacin da za a gina salgar makaranta ko ta kasuwa, a sa wannan rami cikin lissafi tun farko, a kuma koya wa samarinmu ginawa da gyarawa.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.